Askar Kaka Dogo

Tsafe,
12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashina Wanzam Mahadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga ɗan'uwanta ba. Yaya Lantana da yara? An fara yankan gero kuwa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta saba yi mini tsiya duk lokacin da hadari ya haɗu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka ɗauke sabis ɗin waya a jihar nan na koma ga abin da na iya tun ina aji huɗu. Mannir direba zai miƙa maka, shi kuma za ka ba amsa. Na san biro ya fi maka aska nauyi, amma ka daure.

Albishirinka. Sadiya ɗiyata da ke aure a Gusau za ta sauka cikin watan Nuwamba in Allah Ya yarda. Jikana na fari ke nan. Kai ka aske kan Sadiya ranar sunanta, kamar yadda kakanka Dogo ya aske nawa, saboda haka ba roƙonka nake yi ba, sanar da kai nake. Na san za ka ce jikar mace ba ta ba jikan namiji umarni. To ka tuna kakata Tambaya ce ta goyi kakanka a bayanta, ita ce babba.

Tun da na ji labarin cikin nan, zauren gidanku na Bungudu nake gani. Warin sabulun salo, zabirar Kaka rataye a ƙusa, da askar nan tasa mai ƙotar ƙashi da muke kira 'Yar Nahuce, saboda a can maƙeri ya ƙera ta. Ka tuna yadda yake yi kafin ya ɗora ta a kan jariri? Ya wasa ta, ya danna bakinta da babban yatsansa na dama har sai jini ya ɗan tsattsafo, sannan ya ce, "In za ta cin nama, ta hwara da nau, ba na ɗiyan mutane ba." Da rana in an kawo tuwo sai ya riƙa ci da yatsu huɗu, babban yana sama saboda yaji, mu kuma muna kwaikwayonsa a bayan rumbu. Na san kai ma haka kake yi har yau.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya na raka Sadiya awo, ta matsa sai an ɗebi jinina an duba lafiyata, wai shekara hamsin da bakwai ba wasa ba ne. Ka san wa ta ɗebi jinin? Dibora, ɗiyar Malam Istifanus da ya koya mana lissafi a firamare. Fuskar ubanta sak, sai dai ita ba ta riƙe bulala.

Sakamako ya fito. Suga daidai, ƙoda lafiya, jini isasshe. Kitse ya ɗan hau, wannan kuwa ni da man shanu mun san abin da ke tsakaninmu. Amma an sami ƙwayar cutar hanta a jinina, wadda suke kira nau'in B. Kada hankalinka ya tashi. An duba hantar ba ta taɓu ba, an ce in riƙa zuwa duk wata shida. Likita ya ce mai yiwuwa tun ina ƙarama take jikina ban sani ba. Ya ce ana ɗaukarta daga uwa wajen haihuwa, ana ɗauka ta allura, ana kuma ɗauka ta aska ɗaya da ta bi kawuna da yawa, kuma babu mai iya cewa ta ina tawa ta shigo. Sadiya an gwada ta, ba ta da ita.

Abu biyu nake so. Ka je a gwada ka, tunda a gida ɗaya muka tashi. Sannan ranar suna ka zo da sabuwar reza, 'Yar Nahuce ta huta.

Ka gaishe da Lantana, ka ce ina nan ina jiran daddawata.

Taka,
Wasila


Tsafe,
1 ga Oktoba, 2021

Wanzam Mahadi,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. Yau kwana goma sha tara. Mannir ya rantse mini a hannunka ya sa takardar, kana zaune a zaure kana yi wa wani tsoho ƙaho. Ya ce ya dawo sau biyu, ka ce masa ba saƙo.

Da hanyoyin nan yadda suka zama, shirun mutum ba ƙaramin abu ba ne. Duk motar da ta tsaya a bakin makarantarmu sai gabana ya faɗi. In ciwo ne ka faɗa. In kuma biro ne ya gagare ka, ka sa ɗiyarka Hasana ta rubuta, ai ba a banza ka kai ta sakandare ba.

Jibi zan koma Gusau in zauna wurin Sadiya har ta sauka. Can za ka aiko.

Wasila


Bungudu,
6 ga Oktoba, 2021

Malama Wasila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gero ya shiga rumbu, dawa na kan hanya. Allah Ya sauki Sadiya lafiya, Ya ba ki lafiya ke ma.

Takardunki biyu sun same ni. Ta farko na karanta ta sau uku, na ninke na danne da dutsen washi. Ba biro ya gagare ni ba. Na ji tsoron abin da zan rubuta ne in na amsa a ranar.

Wato bayan shekara hamsin, abin da kika samo wa Kaka Dogo ke nan. Askarsa ce ta sa miki cuta. Mutumin da yake tafiya a ƙasa har Kekun Waje da Nahuce cikin ruwan sama don kada sunan ɗan talaka ya wuce ba aski. Lokacin da aka kawo ki gidan nan kina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyarki, kanki duk ƙuraje ne, mata ma ƙyamar yi miki kitso suke. Wa ya zaunar da ke a cinyarsa ya aske, ya shafa magani, ya ba ki rake don ki yi shiru? Ina tsaye a wurin, ni na riƙe ƙwaryar ruwa. Da wace aska aka yi?

Kin ce Sadiya ba ta da cutar. To da 'Yar Nahuce na aske ta, ki gaya wa likitan naku.

Ni tun da na gaji zabirar nan, shekara arba'in, ban taɓa ɗora wani ƙarfe a kan jariri ba in ba ita ba. Reza ta masu yankan farce ce. In kuna ƙyamar askar gidanmu, ga shaguna nan cike da Gusau, masu madubi da injin wuta da waƙa. Ku kai shi can. Ba zan zo in tsuguna gaban surukanki da reza kamar wanda ya koyi sana'ar jiya ba.

Batun gwaji kuwa, lafiyata lau. Malmala uku nake ci, kuma har yau ni nake ɗaukar buhu in ɗora a amalanke.

Lantana ta ba Mannir daddawarki. Ita ba ruwanta da wannan magana.

Mahadi


Gusau,
11 ga Oktoba, 2021

Mahadi,

Assalamu alaikum. Daddawa ta iso, a yi wa Lantana godiya. Sadiya ƙafafunta sun kumbura amma an ce ba komai. Nan Gusau sabis ya dawo, na kira lambarka ya fi sau goma ko da na san naku bai dawo ba. Da ta shiga, da kunnenka ya gaya maka.

Ka ɗaga dutsen washin nan ka ɗauko takardata. Ka karanta ta yadda Malam Istifanus ya koya mana, yatsa a kan layi. Ina na ce askar Kaka ce? Cewa na yi babu mai iya sani. Shekara talatin da biyu ina koyar da karatu, ban taɓa samun ɗalibin da ya karanta abu sau uku ya fito da abin da babu a ciki ba sai kai.

Kuma har ka tuna mini da ƙurajen kaina! Ka sa ni kuka, in abin da kake so ka ji ke nan. Kana tsammani na manta cinyar da na zauna? Tsagar da ke kumatuna hannunsa ce, kullum da safe ina ganinta a madubi, ban taɓa jin haushinta ba. Mutumin da yake yanka kansa don kada ya yanki ɗan wani, ni zan zarga?

Akwai abin da ban rubuta ba wancan karon don ban so in tayar maka da shi. Yaya Bashiru. Ka tuna yadda yake ɗaukar mu ya haye gulbi in ruwa ya kawo, ni a wuya, kai a hannu, yana yi mana ƙaryar ya ga kada? Ka tuna kuma yadda ya ƙare yana da shekara arba'in da ɗaya. Idanu suka yi rawaya, ciki ya kumbura, jiki ya zube. Aka ce shawara ce, aka ce sammu ne, aka sha saiwoyi har aka gaji. Shi ma malmala uku yake ci kafin shekarar. Ban ce ita ce ba, ban sani ba. Amma tun ranar da Dibora ta yi mini bayanin abin da cutar nan take yi in an bar ta, fuskar yayanka nake gani.

Daga gidan nan mu uku muka tashi. Ɗaya ya tafi. Ina jin tsoro, Mahadi, kuma kai nake ji wa.

Maganar shago kuwa ka bar ta. In ba ka zo ba, jikana zai zauna da gashin da ya zo da shi duniya har ranar da ka sauko. In ya kai shekara bakwai da shi, duk wanda ya tambaya zan ce ya je Bungudu ya tambayi jikan namiji.

Wasila


Bungudu,
30 ga Oktoba, 2021

Wasila,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Sadiya da maigidanta. Ki yi haƙuri da jinkiri. Wannan karon ba fushi ba ne.

Na ɗaga dutsen. Gaskiyarki, ba ki faɗa ba. Ki rubuta ranar nan ki ajiye, don ba za ki sake jin haka daga bakina ba.

Kwana uku bayan takardarki aka kira ni suna a Kekun Waje. Na shimfiɗa buzu, na jiƙa kan yarinya da sabulu, na wasa 'Yar Nahuce, na danna ta a yatsa kamar kullum. Jini ya tsattsafo. Abin da na yi sau dubbai ne, amma ranar sai na tsaya na duba. Ga jinina a bakin aska, ga shi a yatsan da zan dafa kan yarinyar da shi, ga kanta kuma taushi kamar cikin gwanda. Kin san duk iyawar wanzami sai ya ɗan karce wani wuri. Hannuna ya ƙi tafiya. Na ɗaure yatsan da tsumma, na wanke hannu, na ce uban yarinya ya sayo mini reza a teburin bakin masallaci. Wata tsohuwa ta ce, "Yau kuma mi ya samu jikan Dogo?"

Washegari na shiga Gusau. Na wuce ta bakin layinku a kan babur, ban iya tsayawa ba, kunya ta hana ni. A asibiti Dibora ta gane ni tun kafin in faɗi sunana. Da ta kama hannuna za ta ɗaure, sai ta juya babban yatsan ta ce, "Baba, wanga tabo na mi ne haka bisa juna?" Na gaya mata. Sai ta ce ubanta ya sha ba su labarin Kaka Dogo, don shi ya aske ƙanenta Gideon, ya kuma ƙi karɓar komai wai malamin jikokinsa ne.

Ina da ita, Wasila. Tawa kuma ta fi taki aiki. An ɗauki hoton hantar, an ce ta fara taɓuwa amma an tare ta da wuri. An ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum, an hana ni jiƙe-jiƙen da nake sha da sunan maganin shawara. Na kai Lantana da yara. Ita da maza ukun ba su da ita, an fara yi musu rigakafi. Hasana tana da ita. Likita ya ce kada in ɗora wa kaina, ba a san hanyar da ta bi ba. Na ji shi. Amma uwarta ba ta da ita, kuma ni na san yatsan da ya dafa kanta tana da kwana bakwai.

Tun ranar nake ƙirga kawuna. In na fita kasuwa, wannan ni na aske shi, wancan ni na aske shi da 'ya'yansa. Suna gaishe ni suna cewa Baba Wanzam, ni kuwa ina duban idanunsu ko sun yi rawaya. Abin da ya fi ci mini rai, don ƙaunarsu nake yin abin. Haka Kaka ya koya wa Baba, haka Baba ya koya mana ni da Yaya Bashiru, a ranar ɗaya, da aska ɗaya, Yaya ya yanka yatsansa ya miƙo mini na yanka nawa. Muna ta murna mun zama maza.

Ba don ke ba da ina nan ina taƙama da malmala uku. Na gode.

Amma sunan jikanki ba zan zo ba. Ki nemi wani mai tsabtar jini. Na rataye zabira a ƙusar Kaka, ina jin nan za ta zauna.

Naki,
Mahadi


Gusau,
14 ga Nuwamba, 2021

Wanzam Mahadi,

Assalamu alaikum. Sadiya ta sauka jiya Asabar da hantsi. Namiji ne, ita da shi lafiya. Tun kafin la'asar aka yi masa allurar rigakafin cutar hanta, ina tsaye. Gashi kuwa cike da kai, baƙi wuluk, kamar ya san rigimar da ake yi a kansa.

Takardarka na karanta ta sau ɗaya, kuma na fahimta, ka ga bambancinmu. Na yi kukan Hasana, na yi naka. Ka turo mini ita bayan suna mu riƙa zuwa asibiti tare, ranarmu ɗaya.

Na kai maganarka gaban likita, Dibora na wurin. Ya ce sabuwar reza, safar hannu, kuma kada ka yanki yatsa, shi ke nan, babu abin da zai sami yaro. Na gaya wa uban jaririn komai ban ɓoye ba. Ya ce shi ma wanzami ya aske shi, kuma wanda ya san abin da ke jininsa ya fi masa wanda bai sani ba.

Kawunan da kake ƙirgawa kuwa, rataye zabira ba zai gwada ko ɗaya ba. Mutanen nan ba za su ji maganar likita ba, amma za su ji ta mutumin da ya riƙe kawunansu suna kwana bakwai. Kaka ya kare 'ya'yan mutane da abin da ya sani. Yanzu ka fi shi sani, sai ka ce za ka zauna?

Suna ranar Asabar ne, aski bayan an shafa fatiha. Na sayi safar, kai ka zo da hannun.

Wasila


Bungudu,
29 ga Nuwamba, 2021

Taubashiyata Wasila,

Wa alaikumus salam. Na iso gida lafiya tun ranar. Yaya mai jego, yaya angon ƙarni? Sabis ya dawo mana, wayar Lantana tun jiya take kuka. Na iya kiran ki, amma abin da zan faɗa ba zai fita ta baki ba, kuma na fara sabawa da biron.

Kin cuce ni da ba ki gaya mini sunan ba. Ina tsugune cikin mutane liman ya ce Bashiru, sai na ji zauren ya yi mini nisa. Na yi kamar ina gyara hula.

Da aka miƙo mini shi, na sa safar nan da ta mai da hannuna kamar na wani, na ɓare reza a gaban kowa. Sai hannun ya yi abin da ya saba. Kafin in ankara bakin rezar ya kai kan babban yatsa. Na san kin gani, don na ji tarin da kika yi daga bayan labule, kuma ba mura kike yi ba. Na tsaya. Na naɗe yatsan cikin tafin hannu na ce a zuciyata, Kaka, yau ba za ta ci na kowa ba. Na aske shi tas, ko ƙwarzane babu. Yaron bai yi kuka ba, kallona kawai yake yi.

Na sauke zabira. Sunaye biyu na yi a makon nan, kowanne da rezarsa. In na gama sai in cire safa in nuna wa uban yaro yatsana, in ba shi labari, in ce ya kai gidansa a gwada. Wasu na dariya, wasu sun tafi. Tsohuwar nan ta Kekun Waje ta aiko a tambaye ni ko ana ɗibar jinin tsofaffi.

Ƙunshin da Mannir zai ba ki tare da takardar nan, 'Yar Nahuce ce. Na dafa ta, na shafe ta da mai, na naɗe ta a ƙyallen rawanin Kaka. A wurina in ta zauna, wata rana hannu zai kai gare ta. Ki ajiye wa Bashiru. In ya yi wayo ki nuna masa, ki gaya masa abin da mai ita yake faɗa, da muryarsa, ke kin fi ni iya kwaikwayo.

Hasana na nan zuwa ranar Laraba da daddawa.

Yatsan ya haɗe. Jiya Lantana ta yi miyar kuka ta cika mata yaji yadda ta saba, na ci da yatsu biyar, ban ji zafin komai ba. Sai da na kusa cinye malmala ta biyu na lura. Na ajiye lomar na daɗe zaune, har ta tambaye ni ko gishiri ne bai ji ba.

Naki har kullum,
Mahadi jikan Dogo